Zomo Ya Fita, Gimbiya Ta Shiga: Rigimar Lilon Ruwa na Disney

A ƙarshen watan Janairun 2023 wani ciniki mai ban dariya ya ɓulla a kasuwar intanet ta eBay. Mutane ne suka ɗura ruwa a kwalabe da robobi, wasu ma a ƙullin leda, suka ɗauki hotonsa suka kai kasuwa, har da masu neman sama da dala ɗari. Ruwan, in ji masu shi, sun ɗebo shi ne daga Splash Mountain, wani lilon ruwa da ke filin shaƙatawa na Magic Kingdom a jihar Fulorida ta Amurka, ranar 22 ga wata, wato ranarsa ta ƙarshe kafin kamfanin Disney ya sa masa kwaɗo. A wannan rana sai da layi ya kai mutum ya yi tsayuwar awa uku da wani abu, don tafiyar da duka-duka ba ta fi minti goma sha ɗaya ba.

Ba kuwa rushe wurin za a yi ba. Tsaunin yana nan, magudanar ruwan tana nan, gangaren da ake faɗowa daga kansa ba a rage masa ko taƙi ɗaya ba. Labarin da ke ciki ne za a sauya, da waƙoƙinsa da dabbobinsa. A kan wannan kaɗai aka shekara huɗu ana cacar baki, kuma har yau ƙurar ba ta gama kwantawa ba.

Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, ga yadda abin yake. Tsauni ne na siminti da aka gina aka yi masa fenti ya zama kamar jar ƙasa, aka bi cikinsa da magudanar ruwa mai kwana-kwana. Mutane suna zama a kwalekwale mai siffar gungumen itace da aka fafe, ruwa yana tafiya da su a hankali, wani wurin kuma inji ya ja su sama. Hagu da dama dabbobin inji ne birjik, kwaɗi da agwagi da kunkuru, suna motsi suna waƙa. Cikin wannan hayaniya ake ba ka labarin wani zomo da zaman gida ya gundura, ya fita yawon duniya. Dila da wata ƙatuwar dabba maras wayo, beyar, suna biye da shi suna son su kai shi tukunya. Daga ƙarshe suka kama shi. Daga nan kiɗan yake sauyawa, wuri ya yi duhu, kwalekwalen ya fara hawa wani dogon tudu, ga ungulaye biyu a bisa kanka suna yi maka ba'a. Kana jin zomo yana roƙon dila: ka yi mini duk abin da ka ga dama, amma don girman Allah kada ka jefa ni cikin sarƙaƙiya. Dila, da yake mugunta ta rufe masa ido, sai ya jefa shi can ɗin. Tare da zomon kake faɗowa, tsayin kusan mita 16, da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, ruwa ya jiƙa ka sharkaf. A ƙasa ne kake gane cewa sarƙaƙiyar nan gidan su zomo ne, a cikinta aka haife shi.

An buɗe na farko a Disneyland ta Kaliforniya a watan Yulin 1989, na Fulorida da na Tokyo suka biyo baya a watan Oktoban 1992. Mutumin da ya ƙirƙiro shi, Tony Baxter, yana da matsaloli biyu a gabansa a farkon shekarun 1980: wani lungu na filin da jama'a ba sa leƙawa, da kuma tarin dabbobin inji na wani tsohon wasa mai suna America Sings da kasuwarsa ta mutu. Sai ya nemi labarin da zai haɗa su wuri guda, ya kuma same shi a wani tsohon fim na kamfanin, Song of the South, na shekarar 1946. Daga nan rigimar ta samo tushe, ko da yake sai bayan shekara talatin ta fashe.

Fim ɗin labarin wani yaro Bature ne da aka kai gonar kakarsa a jihar Jojiya, inda wani dattijo baƙar fata, Uncle Remus, yake lallashinsa da tatsuniyoyin zomo. An ce zamanin labarin bayan yaƙin basasar Amurka ne, wato bayan an soke bauta a 1865, amma fim ɗin bai fito fili ya faɗi haka ba. Abin da mai kallo yake gani shi ne baƙaƙe cikin tsumma suna dawowa daga gona suna rera waƙa, fuska a sake, iyayen gidansu farare suna zaune a katafaren gida, kowa ya san matsayinsa kuma kowa ya gamsu. Tun a lokacin ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen Amurka ta yi tir da shi, ta ce ya shafa wa zaman bawa da ubangida zuma. Abin da ya faru ranar buɗe fim ɗin ma ya isa shaida. An yi bikin a birnin Atlanta a watan Nuwamban 1946, amma James Baskett, wanda ya fito a matsayin Uncle Remus, bai halarta ba, domin dokokin wariya na birnin ba su yarda baƙi su cuɗanya da farare a irin wannan taro ba. Shi ne kuma baƙar fata namiji na farko da aka ba kyautar Oscar, ta girmamawa, a 1948. Watanni kaɗan bayan haka ya rasu yana da shekara 44.

Disney ya san da wannan duka lokacin da yake gina lilon. Shaidar haka ita ce abubuwan da ya cire. Babu Uncle Remus ko'ina a cikin tsaunin, babu gona, babu ɗan Adam ko guda. Mutum-mutumin kwalta da aka kama zomo da shi a fim, wanda sunansa ya riga ya zama zagi ga baƙaƙe a Amurka, an maye gurbinsa da amyar zuma. Fim ɗin kansa rabon da a haska shi a silimun Amurka tun 1986, ba a kuma taɓa sayar da shi a kaset ko faifai a cikin ƙasar ba. A watan Maris na 2020 shugaban kamfanin, Bob Iger, ya faɗa wa masu hannun jari cewa fim ɗin bai dace da wannan zamani ba, kuma ba za a sa shi a manhajar Disney+ ba. Kamfani ke nan da ya kulle fim a ɗaki don kunya, alhali yana karɓar kuɗin tikiti kullum a kan waƙoƙin fim ɗin da dabbobinsa.

Ranar 25 ga Mayun 2020 ɗan sanda ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, a Minneapolis har ya mutu, Amurka ta ɗauki zafi. Aka shiga kayar da gumakan jagororin bauta, kamfanoni suka shiga sauya sunaye da tambura. Wata takardar koke a shafin Change.org, mai neman a mayar da Splash Mountain labarin fim ɗin The Princess and the Frog, ta samu sa hannun mutum sama da dubu ashirin cikin 'yan kwanaki. Ranar 25 ga Yuni, wata guda cif bayan kisan Floyd, Disney ya ba da sanarwar cewa haka za a yi, ya ƙara da cewa ai tun 2019 yake aikin a ɓoye. Mai yiwuwa gaskiya ne, don irin wannan aiki ba a zana shi cikin mako uku. Amma zaɓen ranar sanarwar bai yi kama da katari ba, kuma mutane ƙalilan ne suka ɗauke shi a haka. Nan take wata takardar koken ta fito, ta masu cewa a bar musu kayansu, ita ma ta tara dubun-dubatar sunaye.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin yawancin masu ba da labarin nan suna raba mutane gida biyu, masu ƙin wariya da masu sonta. Masoyan sun fi haka rarrabuwa.

Mafi yawan masu kukan ba su taɓa kallon Song of the South ba. Ina za su gan shi, tunda an ɓoye? Abin da suka sani shi ne ranar da tsayinsu ya kai aka yarda su hau, da hannun uba da suka ƙanƙame a bakin gangare, da hoton da kyamara take ɗauka daidai lokacin faɗowa, kowa baki buɗe, wanda yake rataye a falon gida shekara ashirin. Shiga waɗannan filaye ba arha ba ne. Iyali kan yi shekara suna tari kafin su je, shi ya sa abin da aka gani a can yake zama dukiyar gida. Wanda ya hau yana ɗan shekara bakwai a 1993 yana so ya kai nasa ɗan ya ji waƙar da shi ma ya ji. Idan ka ce masa waƙar tana da dauɗa, abin da yake ji shi ne ka zagi ƙuruciyarsa. Ina ganin kuskure ne a yi wa irin wannan mutum kuɗin goro da masu wariya. Sai dai shi ma ya kamata ya yarda cewa rashin sanin asalin abu ba ya wanke asalin.

Akwai kuma waɗanda lilon bai dame su ba sam, fagen daga suka samu. A wurinsu wannan wata hujja ce cewa Disney ya zama ɗan amshin Shatan masu ra'ayin sauyi, zargin da ya ƙara ƙarfi bayan rigimar kamfanin da gwamnan Fulorida Ron DeSantis a 2022. Daga cikinsu ne aka fi samun munanan kalamai a kan gimbiyar da za ta gaji wurin, kalaman da ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane launin fatarta ne ke ci musu rai.

A ɗaya ɓangaren ga iyalai baƙaƙe da suka daɗe suna jira. Disney ya fitar da gimbiyarsa ta farko, Snow White, a 1937. Sai a 2009, bayan shekara 72, ya yi gimbiya baƙar fata, Tiana ta fim ɗin The Princess and the Frog, 'yar birnin New Orleans mai aiki biyu a rana don ta tara kuɗin buɗe gidan abinci. An ɗauko wani ɓangare na halinta daga Leah Chase, shahararriyar mai dafa abinci ta gidan Dooky Chase, inda jagororin fafutukar 'yancin baƙaƙe suke haɗuwa su ci su shirya a shekarun 1960. Ko a lokacin an yi ƙorafin cewa gimbiyar ta shafe mafi yawan fim ɗin a matsayin kwaɗo. Sannan aka shekara goma sha biyar ba ta da lilo nata. Uwar da ta kai 'yarta filin da ake cewa na kowa ne tana da haƙƙin ta tambaya: me ya sa babban wurin da ya taɓo tarihin baƙaƙe ya zama wanda aka ɗauko daga fim ɗin da kamfanin kansa yake jin kunyar nunawa? Wannan tambaya ba ta da amsa mai daɗi, kuma ita ce ta yi nasara. Su ma baƙaƙen ba bakinsu ɗaya ba. Jaruma Whoopi Goldberg ta faɗa a 2017 cewa ta fi son a fito da tsohon fim ɗin a kalla a tattauna, maimakon a binne shi.

An rufe tsohon lilon na Kaliforniya a ƙarshen Mayun 2023. Sabon, mai suna Tiana's Bayou Adventure, ya buɗe a Fulorida ranar 28 ga Yunin 2024, a Kaliforniya kuma ranar 15 ga Nuwamba. Da ya buɗe sai rigimar ta ɗauki wani salo, domin yanzu ga abu a ƙasa, ba sauran hasashe.

Aikin hannu kam an yi shi. Mutum-mutumin Tiana da na kada Louis da na tsohuwa Mama Odie suna motsi da laushin da tsofaffin dabbobin ba su taɓa yi ba. Anika Noni Rose, mai muryar Tiana a fim, ita ta dawo ta yi magana da waƙa. An ɗauko mawaƙan New Orleans na gaske, PJ Morton da Terence Blanchard. Mata biyu baƙaƙe, Charita Carter da Carmen Smith, suna cikin jagororin aikin. Har matsalar tsaunin sai da aka nemo mata dabara: jihar Luwiziyana shimfiɗaɗɗiyar fadama ce, ina za a samo tsauni? Sai aka tuna da tuddan gishiri irin na tsibirin Avery, aka ce ai Tiana ta sayi tsohuwar mahaƙar gishiri ta kafa kamfanin abinci na gama-kai a kanta, wanda ma'aikata ne suke da shi.

Labarin fa? Shekarar 1927 ce, Tiana tana shirin liyafar bikin Mardi Gras, sai aka ga babu makaɗa. Sai ku shiga fadama ku nemo dabbobin da suka iya kiɗa. Kun samo su. Mama Odie ta mayar da ku ƙanana kamar kwaɗi, ta sake mayar da ku manya, kun faɗo daga gangare, an yi liyafa. Shi ke nan.

A nan masu suka suke da gaskiya, kuma da yawansu mutanen da suka goyi bayan sauyin ne tun farko. Babu mugu a labarin. Dr. Facilier, bokan nan mai inuwa mai rai wanda kusan kowa ya yarda shi ne gishirin fim ɗin, ba ya ciki, wai don labarin ya faru ne bayan ya halaka. Masoya sun shekara huɗu suna zana yadda dogon tudun nan mai duhu zai kasance da muryarsa da aljanunsa, sai suka tarar da tsohuwa tana yi musu fara'a. Tatsuniya ce aka yi babu Gizo babu Kura, kowa mutumin kirki. A tsohon lilon faɗowar ita ce ƙullin labarin, tsoron da ke cikinka shi ne tsoron zomo, kuma kana isa ƙasa dabarar take bayyana. A sabon kuwa ana faɗowa ne kawai don gangaren yana nan tun da, ba yadda za a yi da shi. Ga kuma yawan lalacewar inji a makonnin farko a Fulorida, wanda ya sa aka riƙa sauke mutane a tsakiyar tafiya. Duk da haka layi bai yanke ba, yara kuma, waɗanda ba su san wani zomo ba, ihunsu suke yi su fito suna neman a koma.

Wannan ba shi ne karon farko ba, kuma tarihin irin waɗannan rigingimu yana da abin lura. A 1998 masoya sun yi zanga-zanga da koren riguna don kada a rufe Mr. Toad's Wild Ride a Fulorida, aka rufe, aka sa Winnie the Pooh. A 2014 aka rufe lilon Maelstrom na ɓangaren Norway a filin Epcot, aka mayar da shi na fim ɗin Frozen. A 2017 aka mayar da Tower of Terror na Kaliforniya na jaruman Guardians of the Galaxy, aka yi ta tsinuwa, yau kuma yana cikin waɗanda aka fi rububi. Kusan kowane karo kukan yakan yi ƙarfi kafin a buɗe, ya lafa bayan shekara biyu ko uku, sabbin yara su taso su ɗauki sabon a matsayin na asali. Kamfanin ya san wannan lissafi sarai. Ya kuma san wani lissafin: zomon da aka kulle fim ɗinsa ba ya sayar da riga ko 'yar tsana yadda gimbiya take sayarwa. Kafin ma lilon ya buɗe an riga an buɗe gidan abinci na Tiana's Palace a Disneyland a 2023, da shagunan kayanta. Gyaran tarihi da ribar kasuwa sun zo sun dace a hanya ɗaya, shi ya sa aikin ya yi sauri.

Akwai abu guda da duk ɓangarorin suka yi tuya suka manta da albasa a kansa, shi ne zomon kansa. Ba Disney ne ya ƙirƙire shi ba. Fim ɗin ya ɗauko shi daga littattafan Joel Chandler Harris, wani ɗan jarida Bature na Atlanta da ya fara buga tatsuniyoyin a littafi a 1880. Shi kuma Harris ya ji su ne daga bakin bayi a gonar Turnwold, inda ya yi aiki yana saurayi lokacin yaƙin basasa. Bayin kuwa kakanninsu ne suka tsallaka teku da su daga Afirka. Duk wanda ya girma yana jin gatanan gatananku zai gane su. Ƙaramin mai wayo da yake kayar da babba mai ƙarfi, shi ne Gizonmu da Kura, shi ne Anansi na Ashanti a Gana. Labarin mutum-mutumi mai danƙo ma muna da shi: ɓarawon gona ya gaishe da budurwar danƙo ta ƙi amsawa, ya kai mata mari hannu ya manne, ya kai shuri ƙafa ta manne. A bakin bawa wannan tatsuniya darasi ce ta yadda maras ƙarfi zai rayu a hannun wanda ya mallake shi, ya san abin da zai faɗa da abin da zai ɓoye. Harris ya sa ta a bakin dattijo mai kewar zamanin bauta yana faɗa wa ɗan ubangida, Disney ya ƙara mata kiɗa da launi. Marubuciya Alice Walker, wadda garinsu ɗaya da Harris, wato Eatonton, ta rubuta a 1981 cewa mutumin ya sace mata wani yanki na gadonta ta hanyar sa ta jin kunyarsa.

Don haka a ganina Disney ya yi daidai da ya raba kansa da fim ɗin 1946, Tiana kuma ta cancanci wurinta, har ma ta cancanci labarin da ya fi wanda aka ba ta. Inda ya gaza shi ne da ya haɗa zomo da fim ɗin ya zubar gaba ɗaya, kamar zomon ne ya yi laifin. Hanyar gyara ba ɓoyayyiya ba ce. Tun 1987 marubuci baƙar fata Julius Lester ya sake ba da tatsuniyoyin nan a littafi, tare da zanen Jerry Pinkney, ba tare da gonar bayi ko ɗan ubangida ba, kuma aka karɓe su hannu biyu. Kamfanin da ya iya ɗauko mawaƙan New Orleans don Tiana bai rasa yadda zai nemo jikokin masu tatsuniyar su ba da ita da bakinsu ba. Har yau bai yi ba.

Filin Tokyo Disneyland ba mallakar Disney ba ne, wani kamfanin Japan ne mai suna Oriental Land yake da shi, yana biyan kuɗin amfani da suna. Shi bai ga dalilin taɓa nasa tsaunin ba. Mai karatu, in kana son ka ga zomon nan da ya taso daga Afirka yana yi wa dila wayo, sai ka nemi bizar Japan.